Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Ministan Lafiya: ƙodar da muka bayar tana lalacewa saboda gwajin BK da ba a yi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe Farfesa Muhammad Ali Pate, Ministan Lafiya da Walwalar Jama'a. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyali da duk masu taya ka aiki, Allah ya taya riƙo. Ni malamar firamare ce, ban yi karatun likita ba kuma ban taɓa rubuta wa wani babba takarda ba sai yau, amma shekara biyu da 'yan watanni ke nan ina yawo da ƙoda ɗaya a cikina, ɗayar na ba ƙanena. Ina magana ne da yawun wasu mutane da muka haɗu a layin wankin ƙoda da layin ganin likita har muka zama kaman dangi, cikinmu akwai waɗanda aka yi wa dashe, akwai mu da muka bayar, akwai iyaye da matan aure masu jinya. Su suka ce in rubuta tunda ni ce mai alli da biro a cikinsu.

Bari in fara da godiya dan gaskiya ne mun ga abin da aka yi. A 2025 an sauke kuɗin wankin ƙoda a wasu asibitocin tarayya daga naira 50,000 zuwa 12,000, wanda bai taɓa biyan wanki sau biyu ko uku a sati ba ba zai san girman wannan sauƙin ba. A shekarar kuma ma'aikatarka ta fitar da ƙa'idojin dashen sassan jiki. Mun gani, mun gode, Allah ya saka. Toh amma ranka ya daɗe duk hankali ya tafi kan kafin dashe da ranar dashe, abin da ke biyo baya an bar mu da shi mu kaɗai, kuma a nan ne muke asarar ƙodojin da aka sayar da gona da fili aka dasa.

Akwai wata ƙwayar cutar bairos da ake ce ma BK. Na san ka fi ni saninta nesa ba kusa ba, zan yi bayanin ne dan 'yan uwana da za su karanta wannan takarda, saboda mu sai da ta gama ɓarna sannan muka ji sunanta. Tana cikin dangin da likitoci ke kira poliyoma. A 1971 aka fara gano ta a Landan, a fitsarin wani mutumin Sudan da aka yi wa dashen ƙoda, da harufan farko na sunansa aka raɗa mata suna. Kusan kowa yana ɗauke da ita, fiye da mutum 8 cikin 10 na manya sun kamu tun suna yara ba tare da sun sani ba, sai ta je ta kwanta a ƙoda da hanyar fitsari ta yi lamo, garkuwar jiki na danne ta har mutum ya tsufa ya mutu ba ta taɓa damunsa ba. Shi kuwa wanda aka yi wa dashe dole a ba shi magungunan da za su sassauta garkuwar jikinsa dan kar jikin ya yaƙi sabuwar ƙodar, su takrolimus da maikofenolet da firednisolon, kullum safe da dare ba fashi. Da garkuwa ta yi ƙasa sai ita BK ta farka. Tana fara bayyana a fitsari, daga nan ta shiga jini, daga nan ta fara cin ƙodar. Wajen kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na waɗanda aka yi wa dashe ana ganinta a fitsarinsu, kashi 10 zuwa 20 tana kaiwa jini, kashi 1 zuwa 10 kuma tana kama ƙodar kanta. Kuma mugun abin ba zazzaɓi ba ciwo ba komai, mutum na cin abincinsa yana zuwa kasuwa yana cewa Alhamdulillah na warke.

Haka ƙanena ya yi. A Indiya aka yi mana aikin, muka dawo cikin murna, Hajiyarmu har yanka ta yi. Wata biyar yana lafiya lau har ya koma shago. A wata na shida kiratinin ɗinsa, wato awon jinin da ke nuna yadda ƙoda ke aiki, ya fara hawa, daga ɗari da ɗan wani abu ya kusa 200. Likitan da ya gan shi, mutumin kirki ne wallahi ba na zarginsa, ya duba abin da ke gabansa ya ce da alama jiki ne ya fara ƙin ƙodar, aka kwantar da shi aka yi masa ƙarin ruwa na siteroyid mai ƙarfi, maganin ƙara danne garkuwa, kwana uku. Lamba ta ɗan tsaya sannan ta ci gaba da hawa. Sai a lokacin aka ce a gwada BK, kuma babu inda ake yi kusa da mu sai an ɗebi jini an tura Legas, muka biya muka zauna jira kusan sati uku. Da sakamako ya zo ƙwayar ta kai dubu ɗaruruwa a kowane mililita na jini. Aka rage magani amma bakin alƙalami ya bushe, ƙodar ta riga ta yi tabo. Yau ƙanena ya koma kan injin wanki, da ƙodata a cikinsa ba ta aiki.

Wani dare da na kasa barci na ɗauko takardar sallamar da aka ba mu a can, ina bin ta layi layi, sai ga shi a ƙasa an rubuta a riƙa gwajin BK duk wata. Da Turancin likitoci, cikin jerin gwaje gwaje kusan goma. Ba wanda ya nuna mana layin, ba wanda ya tambaye mu shi da muka dawo. Daga baya ma na ji cewa wani lokacin ƙwayar a cikin ƙodar mai bayarwa take zuwa, wannan maganar har yau in na tuna sai na ji ƙirjina ya yi nauyi.

Kukanmu na farko ke nan ranka ya daɗe, ba a sa gwajin nan cikin abin da dole a yi wa kowa bayan dashe, ya danganta da likitan da ka samu da nauyin aljihunka. Alhali duniya ta daɗe da yanke magana a kai. Tun 2009 ƙa'idojin KDIGO, waɗanda likitocin ƙoda na duniya ke bi, suka ce a riƙa auna BK a jini duk wata a watannin farko, sannan duk wata uku har shekara ta cika, kuma duk lokacin da kiratinin ya hau ba a san dalili ba a auna. A 2024 masana suka sake zama suka tsawaita, duk wata har wata tara, sannan duk wata uku har shekara biyu, yara kuma har shekara uku. In ta wuce 10,000 a mililita to a ɗauka ta fara taɓa ƙoda a rage magani. Dalilin duk wannan naci kuwa shi ne ƙwayar tana bayyana a jini makonni kafin ƙoda ta nuna alama, wanda ya jira sai kiratinin ya hau ya makara. A cikinmu na tambaya ɗaya bayan ɗaya, waɗanda aka taɓa yi wa gwajin tun suna lafiya ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

Na biyu kuma shi ne ya fi ci min rai, dan shi ne ya faru da mu. Jiki ya ƙi ƙoda da BK ta kama ƙoda, a takardar gwajin jini kamarsu ɗaya, duka kiratinin ne ke hawa. Amma maganinsu hannun riga ne. In jiki ne ya ƙi sai a ƙara danne garkuwa, in BK ce sai a sassauta magani a bar garkuwa ta ɗan miƙe ta yaƙe ta. Likitan da ba shi da gwaji a hannu kaman an rufe masa ido ne an ce ya zaɓi hanya, in ya ƙara magani alhali BK ce ya zuba wa wuta fetur, in ya rage alhali jiki ne ke ƙi ya saki ƙodar. Abin da ke raba gardama shi ne gwajin PCR mai ƙirga ƙwayar a jini da kuma bayofsi, wato a tsakuro ɗan naman ƙodar a duba, a sa masa wani rini na musamman da ake kira SV40 wanda ke nuna ƙwayar a cikin naman. Mu an ce mana ko an tsakuro naman sai an tura wani wuri. Mara lafiya yana kwance ƙodarsa na ƙonewa, samfur yana cikin mota a hanya, ina amfanin baɗi ba rai. Likitocinmu sun iya aiki, tun 2000 ake dashen ƙoda a ƙasar nan a asibitin St Nicholas na Legas, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara a 2002, Maiduguri ta bi a 2010. Hannu akwai shi, kayan aikin bibiya ne ya yi ƙaranci.

Kuma ranka ya daɗe abin da ke ba ni mamaki, lokacin korona a 2020 mun gani da idonmu yadda cikin 'yan watanni aka baza injinan PCR a jihohi. Ga kuma ɗakunan gwajin da ke auna yawan ƙwayar HIV a jini shekara da shekaru, har da tsarin ɗaukar samfur daga ƙananan asibitoci a kai can a dawo da sakamako. Irin fasahar ce dai ake auna BK da ita, sinadarin gwajin ne daban. Me zai hana a ɗora mu a kan wannan hanyar da aka riga aka share?

Sai maganar kuɗi. Duk wanda aka yi wa dashe a cikinmu daga aljihunsa yake sayen magani, kuma tun da naira ta faɗi kuɗin ya ninka. In wata ya zo ƙarshe mutum yana da kuɗin abu ɗaya ne, magani ko gwaji, toh wa zai bar magani ya yi gwajin cutar da ba ya jin ciwonta? Shi kansa takrolimus ɗin sai ana auna yawansa a jini, in ya yi yawa ya buɗe wa BK ƙofa kuma ya cutar da ƙodar, in ya yi kaɗan jiki ya ƙi ta, tsakaninsu siririn layi ne. Ga shi wannan watan ka samu na wannan kamfanin, wata mai zuwa ya yanke a kasuwa ka sayi na wani, ba a sake aunawa ba. Wasu kuma ɗan aike suke jira daga Indiya ko Masar. Ni dai lissafina na malamar firamare bai nuna min hikimar gwamnati ta riƙa biya wa ƙanena tallafin wanki duk sati har iya rayuwarsa ba, alhali da an biya masa gwaji goma sha wani abu cikin shekara biyu wataƙila da yanzu yana shagonsa, kujerar wankin kuma wani bawan Allah daga Gashuwa ko Haɗeja, inda ciwon ƙoda ya yi katutu, ya samu ya zauna.

Rashin bayani kuma yana jefa mutane cikin wani haɗarin. Har yanzu babu wani magani da aka tabbatar yana kashe BK, an gwada da yawa, a Kanada an yi babban gwaji da levofloxacin aka fitar da sakamako a 2014, bai hana ta ba sai ma ƙara ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani da ya yi. Amma a tsakaninmu sai ka ji ana cewa sha kaza na kemis yana wanke ta, wani ya ce sassaƙe, wani kuma da ya ji ance rage magani ne maganinta sai ya rage da kansa a gida. Mun rasa ƙoda ɗaya a cikinmu ta wannan hanyar, wata baiwar Allah ce ta daina shan ƙwaya ɗaya na sati uku dan tsoron BK ɗin da ba a ma gwada ta ba, jikinta ya ƙi ƙodar mijinta. 'Yan uwa dan Allah dan Annabi kar wanda ya taɓa maganinsa sai da likitansa.

Ba mu masu ƙoda kaɗai abin ya shafa ba. Yara masu sikila da ake yi wa dashen ɓargo, wanda aka fara a ƙasar nan a asibitin koyarwa na Benin a 2011 kuma iyaye da yawa ke fita waje dominsa, ita dai BK ɗin nan tana sa musu kumburin mafitsara, fitsarin jini har da gudaji da azabar ciwo. Tana da 'yar uwa kuma mai suna JC, ita ma a 1971 aka gano ta a Amurka, ita ƙwaƙwalwa take kamawa in garkuwa ta faɗi warwas, ta cinye rufin jijiyoyi, cutar da ake kira PML. An fi ganinta a masu HIV da ba sa kan magani ko suka daina sha, da wasu masu kansar jini. A hankali take zuwa, hannu ko ƙafa ya yi sanyi, magana ta karkace, gani ya ragu, mutum ya fara rikicewa. Ka san mutanenmu, sai a ce shanyewar ɓarin jiki ne ko iska ko sammu, a yi ta yawon gidan masu magani. Sai da hoton MRI da gwajin ruwan ƙashin baya ake gane ta, kuma babban abin da ke ceton mai HIV daga ita shi ne ya hau maganinsa da wuri kar ya yanke. A ƙasar da binciken 2018 ya nuna mutum wajen miliyan 1.9 na ɗauke da HIV, kuma tallafin Amurka ya yi tangal tangal a farkon 2025, duk yankewar magani ƙofa ce ga wannan cutar.

Toh ranka ya daɗe ga abin da muke roƙo, kuma ba mu roƙi abin da ya fi ƙarfin ofishinka ba.

A rubuta gwajin BK cikin ƙa'idar bibiya ta ƙasa, ya zama duk asibitin da ke dashe, na gwamnati ko na kuɗi, ba zai sallami mutum ba sai da jadawalin gwajin a hannunsa, kuma duk wanda ya dawo daga waje ranar da ya fara zuwa asibiti a buɗe masa wannan jadawalin. A ƙara da cewa in kiratinin ya hau a ɗebi jinin BK a ranar, kar a jira sai siteroyid ya gaza.

A ware aƙalla ɗakin gwaji ɗaya a kowace shiyya, a Arewa ma a samu a Kano da Maiduguri da Sakkwato ko Zariya, a ba su sinadari ba yankewa, sakamako ya fito cikin kwana uku zuwa biyar. A wuraren kuma a samar da rinin SV40 da awon takrolimus, dan duk tafiyarsu ɗaya. Kafin a kai ga haka akwai hanya mai araha da likitoci suka sani, duba fitsari a madubin likita a nemi ƙwayoyin halittar jiki da BK ta shiga waɗanda suke kira dikoi, da irin rinin da ake gwajin kansar bakin mahaifa. Bai kai PCR ba amma in ba a ga komai ba hankali ya ɗan kwanta, in an gani sai a garzaya da jini. A horar da ma'aikatan lab a kan wannan, ba ya buƙatar sabon gini.

Hukumar inshorar lafiya NHIA, wadda dokar 2022 ta ba asusun tallafa wa marasa ƙarfi, ta ɗauki nauyin gwajin BK da awon magani na shekara biyun farko, in da hali da magungunan kansu. In ba za a iya duka ba a yi mana irin rangwamen da aka yi a wanki. NAFDAC kuma ta sa ido a kan takrolimus ɗin da ke yawo a kasuwa, gwamnati ta riƙa saye da yawa dan mutum ya daina canza kamfani duk wata.

A buɗe rajista ta ƙasa ta duk wanda aka yi wa dashe, a gida ko a waje, a san ƙoda nawa ke aiki bayan shekara ɗaya da biyar, waɗanda suka mutu me ya kashe su. Mu masu bayarwa ma a saka mu, tun da aka cire min zare ba wanda ya kira ya ji ya nake.

Sannan a yi bayani da Hausa da sauran harsunanmu. Takarda shafi ɗaya tak, da saƙon murya ga wanda bai iya karatu ba, a gaya wa mara lafiya da mai jinyarsa menene BK, yaushe ake gwaji, me ya sa ba a taɓa magani. Da an ba ni irin wannan takardar a filin jirgi ranar da muka sauka, wallahi ko ɗan kunnena zan sayar in yi gwajin nan duk wata.

Likitoci sun gaya mana cewa wanda BK ta ɓata wa ƙoda ana iya sake yi masa dashe in ƙwayar ta bar jininsa, kuma ana dacewa. Autarmu, shekararta 24, ta ce ita za ta bayar. Hajiya ta ce ba ta hana ba, amma ba za ta sa hannu a sake yanka mata 'ya ba sai an nuna mata inda za a riƙa gwajin nan da kuma kwana nawa sakamako zai yi. Na rasa amsar da zan ba ta ranka ya daɗe, shi ya sa na kawo tambayar gabanka. Ƙanena yana da wanki ranar Litinin da Alhamis, muna nan muna sauraro.

Allah ya ƙara maka lafiya ya yi maka jagora. Wassalam.

Taka mai biyayya,
wata malamar firamare, a madadin waɗanda aka yi wa dashen ƙoda da waɗanda suka bayar da masu jinyarsu.